Wata biyar kafin Baba ya kira sunana

Damina ta bara ne abin ya faru, a ƙauyenmu can bayan Ringim. Baba ya dawo daga gona ya zauna zai yi alwalar la'asar, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, Inna ta ɗauka gajiya ce, da ta leƙo ta ga bakinsa ya karkace yana so ya yi magana amma babu abin da ke fitowa sai "wai... wai...". Mun ɓata kwana ɗaya cur a gida ana tofi ana turare saboda kowa cewa yake shafar aljanu ce, har yau abin nan yana ci mini rai. Washegari muka sa shi a mota zuwa Kano, aka yi masa hoton kai, likita ya ce hawan jini ne ya kai ga jijiya ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne hagu aka ce, amma dama ce ta shanye. Ashe haka halittar take, hagun ƙwaƙwalwa ita ke riƙe da daman jiki, kuma a wajen yawancin mutane nan ne magana take zaune. Shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye ya fi samun matsalar baki. Afeshiya likitoci suke kiran wannan matsalar, kuma wajen mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki suna fama da ita. Tun 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya nuna wurin, a kan wani majinyaci da kalma ɗaya tak yake iya faɗa, "tan". Namu Baban "wai" ce tasa.

Toh ga inda nake so 'yan uwa su saurare ni. Hankalin Baba bai taɓu ba ko kaɗan. Mutane su zo dubiya su zauna a gabansa suna cewa "Allah sarki, ai Malam ya tafi", wasu su yi ta ɗaga murya kamar kurma ne, shi kuwa yana jin komai, sai ka ga hawaye. Ya san abin da yake so ya faɗa, hanyar fitar kalmar ce ta lalace. Wallahi ranar da muka gane haka muka hana irin wannan zancen a ɗakinsa, ko waye ya zo.

Gashi da motsa jiki kowa ya san da su, amma mai koyar da magana sai da muka sha wuya kafin muka samu wata a birni, su ba su da yawa sam. Sau biyu a wata muke iya zuwa don kuɗin mota, sai ta koya mana abin da za mu riƙa yi a gida. A nuna masa fartanya, buta, goro, hularsa, a jira shi, kar a yi saurin faɗa masa, in ya maƙale a ba shi farkon kalmar kawai. Tambaya gajera wadda zai amsa da i ko a'a. Kullum, safe da yamma, ko na minti 20 ne. Sannan ta ce mu gwada abin da ya haddace, ai kuwa mutumin da ba ya iya cewa "ruwa" sai ga shi ya karanta Fatiha tun daga Bisimilla har ƙarshe, ya ƙirga ɗaya zuwa goma. Inna ta fashe da kuka. Malamar ta ce abin da aka haddace da abin da ake rerawa suna bin wata hanya daban a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ma ake koya wa masu irin wannan ciwo magana da rerawa, muka koma rera masa "ina kwana", "ba ni ruwa" yana bi.

Maganar na'ura kuma Yayana ne ya kawo ta, ya ga talla a Facebook wai ana sa wa mutum wuta a kai magana ta dawo, har ya fara zancen sayar da tunkiya. Na tambayi malamar, ta ce abin yana da asali. Akwai wadda ake kira tDCS, soso biyu ne ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗora a kai, a saki lantarki ɗan mitsitsi, miliamfiya 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Akwai kuma TMS mai aiki da maganaɗisu, ita ba a yi wa mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai sai likita ya tantance. Amma duk har yanzu bincike ake a kansu, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba, kuma inda ake yi ɗin ma tare da darasin magana ake haɗawa, na'urar tana ɗan zaburar da ƙwaƙwalwa ne lokacin da mutum yake atisayen. Ta ce kamar taki ne, in ba ka yi shuka ba me zai tsiro? Ni dai ban yarda wani da ba likita ba ya jona wa mahaifina wuta a kai ba, na faɗa wa Yaya haka, tunkiyar tana nan.

An ce watanni ukun farko ne aka fi samun sauƙi da sauri, amma ba a nan yake tsayawa ba, kuma mun gani. Wata na biyar, bayan an gama girbin gero, ina zaune ina ba shi maganin hawan jininsa ya kalle ni ya kira sunana, da ƙyar ya fito amma sunana ne. Yanzu yana haɗa kalma uku huɗu, in ya gaji "wai" ɗin tana dawowa. Jiya ƙanina ya nuna masa akuya, Baba ya ce tunkiya, ya girgiza kai da kansa ya sake gwadawa.