Oksijin magani ne, shi kuwa magani sai da awo

A lokacin annobar korona hankalin jama'a ya tafi ne ga silindar oksijin da manyan na'urorin taimakon numfashi, ba kasafai ake ambaton ƙananan kayan da ke tsakanin silinda da hancin majinyaci ba, alhali kuwa su ne ke sa iskar ta amfane shi ko ta cutar da shi. Cikakkiyar silinda tana riƙe da iska a matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 100, saboda haka dole ne a fara rage wannan ƙarfi kafin iskar ta shiga ma'auni, wato bututun gilashin nan mai ɗan faɗi daga sama, wanda ƙwallon cikinsa ke tashi gwargwadon litar da ke wucewa a minti guda. Karl Küppers ne ya ƙirƙiro irin wannan ma'auni a birnin Aachen na Jamus a 1908, kuma har yau ba ya buƙatar lantarki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda likitoci suka gane muhimmancin awon, domin da idanun jarirai aka biya kuɗin wannan ilimi. A shekarun 1940 asibitocin Amurka da Turai sun riƙa cika kwalabar bakwaini da oksijin mai yawa, da kyakkyawar niyyar ceton rai, sai dubban yaran suka tashi makafi ba tare da an san dalili ba. A 1951 wata likitar yara a Melbon ta Ostareliya, Kate Campbell, ta danganta makantar da yawan oksijin, wanda ke lalata jijiyoyin jinin idon da bai gama ƙosawa ba. Da aka koma ana ƙuntata iskar kuma, makanta ta ragu amma mutuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Daga nan aka fahimci cewa kowane jariri yana buƙatar gwargwadonsa ne, kuma babbar hanyar ba shi wannan gwargwado ita ce na'urar da ke gauraya oksijin da iskar gari, wadda kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin a cikinta.

Ga manya masu daɗaɗɗen ciwon huhu, wani likita, Moran Campbell, ya kawo wata dabara a Ingila a 1960: ana tura oksijin ta wata 'yar siririyar kafa da ke jikin takunkumin da ake sa wa majinyaci a fuska, gudunsa ya janyo iskar ɗaki ta tagogin da ke gefe, a samu gauraye tsayayye kamar kashi 24 ko 28. Ga jarirai kuwa, likita George Gregory ya nuna a San Faransisko a 1971 cewa ɗan matsin iska mai ɗorewa yana hana huhun bakwaini rufewa bayan kowace fitar numfashi. Mafi sauƙin hanyar samar da wannan matsi ita ce a tsoma ƙarshen bututun da numfashin jaririn ke fita ta cikinsa a cikin ruwa. Zurfin santimita 5 yana ba da matsin santimita 5 na ruwa, kumfar da ke tashi kuma shaida ce cewa iskar tana tafiya.

A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye. Na'urar gaurayawa irin ta manyan asibitocin waje tana buƙatar bututun iska mai matsi a bango, abin da yawancin asibitocinmu ba su da shi, don haka ma'aikata kan haɗa tasu na'urar matsin iskar da robar ruwa da silinda ba tare da gaurayawa ba, jariri ya shaƙi oksijin kusan zalla. Ban ga laifinsu ba, domin rai suke ceto da abin da ke hannunsu, amma haɗarin ido yana nan. Shi ya sa na ji daɗi ƙwarai da Farfesa Hippolite Amadi ya ci Kyautar Kimiyya ta Najeriya a 2023 saboda na'urori uku na jarirai: mai taimakon numfashi, mai gauraya iska, da mai raba oksijin daga tushe ɗaya zuwa gadaje da yawa, kuma ana iya sarrafa su da hasken rana. Ina ganin duk jihar da za ta sayi silinda ko ta gina masana'antar oksijin, ya kamata ta sa irin waɗannan kayan awo a kasafi ɗaya, tare da kuɗin horar da ma'aikatan jinya da masu gyaransu.