A Maradi, daga damina ake ƙirga kwanakin foroje

Yawancin takardun tsarin aiki da ake rubutawa a ofis suna farawa ne daga ranar da mai ba da kuɗi ya sa hannu: wata na ɗaya a ɗauki ma'aikata, wata na biyu a yi taron wayar da kai, wata na uku a sayi kaya. A takarda babu laifi. Amma a jihar Maradi ruwa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma duk aikin da ya shafi gona, kiwo, dashen itace ko gini a karkara, waɗannan watanni huɗu ne ke mulkinsa. Mai jagorancin foroje da ya san aikinsa yana kafa ranar da dole a gama, sannan ya riƙa ƙirgawa baya har ya iso yau.

Mu ɗauki aikin da aka saba gani daga Dakoro zuwa Mayahi: raya hekta 100 na fako da ramukan rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin wata da ake haƙawa don su tare ruwan sama, da dasa itace a cikinsu.

Ma'aunin da ake amfani da shi a Nijar shi ne rabin wata 313 a hekta ɗaya, kowane da faɗin kamar mita 4. Hekta 100 ke nan 31,300. Idan aka yi lissafin mutum ɗaya zai gina 3 a yini, mutum 200 za su buƙaci kwana 52 na aiki. A nan ne sabon shiga ke rubuta "wata biyu" ya wuce. To, cire ranar kasuwa, cire Juma'a, sati ya koma kwana 5, aikin ya haura sati 10. Duba kuma inda azumi ya faɗo, tunda kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, kuma mai azumi a zafin Afrilu ba zai haƙa fako kamar yadda ya yi a sanyin Janairu ba. Sannan ka tambayi maigari mutum nawa ne ke gari da gaske. Da rani samari da yawa sun tafi ci-rani Najeriya ko Agadas, waɗanda za ka tarar galibi mata ne da dattijai. Da zarar ruwan shuka ya sauka kuwa, kowa gonarsa zai nufa, ko nawa kake biya. Saboda haka in ana so a gama kafin ƙarshen Mayu, farkon Maris ya riga ya zama kusan makara. Fabrairu ya fi.

Itatuwan ma da nasu lissafi. Ana dashe daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai. Dakwara ko bagaruwa na buƙatar wata 3 zuwa 4 a leda kafin su kai dashe, ke nan a zuba iri a Maris ko Afrilu. Kafin nan sai leda da taki da rairayi da shinge sun iso, an kuma tabbatar rijiyar wurin ba ta ƙafewa a bazara. Ramuka 31,300 ne, amma kada a yi renon 31,300 cif. A ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100, don wasu za su mutu a reno, wasu a amalanke. In dokar ƙungiyarku ta ce sai an karɓi farashin ƴan kasuwa uku, kwamiti ya zauna, a sa hannu, a jira kaya, to takardar neman sayayya a Disamba take fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan jerin, inda kowane aiki ke jiran na gabansa kuma jinkirin ɗaya ke tura ranar gamawa, shi ne abin da ya kamata shugaban aiki ya sa wa ido kowace safiya. Taron horo zai iya jinkirta da sati biyu, babu abin da zai lalace. Leda in ta makara da sati uku, shekarar ce ta tafi.

Akwai abu guda da nake ganin ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: na wane ne filin? Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi ciyawa. Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin kula da filaye, COFO, daga ƙauye zuwa komin zuwa gunduma. Kafin a sari ƙasa, a zauna da su da maigari da wakilan makiyaya, a rubuta matsayin filin, ko na al'umma ne ko na wani gida, ko burtali ya ratsa shi, wa zai yanki ciyawa, wa zai tsare, har shekara nawa. Wurin da aka dasa yana son tsaro na shekara 2 zuwa 3. In ba a sa kuɗin mai gadi a kasafi ba, ko ba a yarda da al'umma yadda za su biya shi daga kuɗin kyasuwar da za a sayar ba, awaki za su gama da dashen kafin Disamba.

Wajen ingancin aiki, kuskuren da ya fi yawa na awo ne. Bakin rabin wata yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, layi na biyu kuma yana zama a tsakanin ramukan layin farko don ya tare ruwan da ya kuɓuce. In masu zane, wato masu shata ramukan a ƙasa kafin a haƙa, ba su bi matakin gangare ba, ruwan farko mai ƙarfi zai taru gefe guda ya fasa kunya, ya bi ya fasa ta ƙasa da ita. Horar da masu zane kwana biyu tare da ma'aikatan muhalli ya fi sauƙi a kan sake gina hekta goma. Biyan kuɗi kuma a yi shi duk sati biyu, bisa ramukan da aka ƙirga aka karɓa, a gaban jama'a. Mutanen da suka jira wata guda ba a biya su ba, ba sa dawowa, kuma ƙauyen da ke kusa ya riga ya ji labari.

Ga matashin da ya fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yake son ya hau daga ma'aikacin fili zuwa shugaban foroje, shawarata ita ce ya riƙe littafi ɗaya da babu wanda ya tilasta masa: ranar da aka tsara, ranar da aka yi, da dalilin bambancin. Bayan damina biyu zai san kwana nawa sayayya ke ci a ƙungiyarsa, da ramuka nawa mutum ke ginawa a ƙasar Dakoro ko ta Madarunfa, abin da ba zai samu a aji ba. Ya koyi Excel har ya iya haɗa kasafi da jadawali, ya iya rubuta rahoto shafi ɗaya da Faransanci mai faɗin abin da ya makara ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Takardun shaida suna da amfani, amma a bi su daki-daki. Project DPro an yi ta ne musamman don ayyukan raya ƙasa, littafinta kyauta ne a intanet, akwai shi da Faransanci, kuma ita ta dace da mai farawa. PMP, takardar shaidar jagorancin aiki ta cibiyar PMI ta Amurka, tana neman mai digiri ya nuna shekara 3 yana jagorantar aiki, da horo na awa 35, kuma kuɗinta da nauyi. Wanda bai taɓa riƙe kasafi ba kada ya yi gaggawarta. Ya fara neman a ba shi ɓangare guda ya riƙe daga farko har ƙarshe, ko da wurin renon itace ne na ƙauye ɗaya, da kasafinsa da ranar miƙawarsa, ya kuma karɓi takardar shaidar kammalawa mai sa hannun shugabansa, domin ita za a nema ranar da ya nemi matsayi na gaba.