Laraba: wutar da aka ce ta kama a kwalba

Yau ina tsakiyar bayanin yadda rana ke samar da zafinta, wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu: "Malam, wai gaskiya ne an taɓa kunna irin wannan wutar a cikin kwalba?" Yayansa ne ya nuna masa a waya. Ƙararrawa ta cece ni, na ce mu haɗu gobe.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ɗauko tsohon littafina na jami'a. Ranar 23 ga Maris 1989 ce Martin Fleischmann da Stanley Pons suka tara 'yan jarida a Jami'ar Utah ta Amurka. Sun tsoma ƙarfen faladiyom cikin ruwa mai nauyi, wanda haidirojin ɗinsa nau'i mai nauyi ne da ake kira diyuteriyom, suka jona lantarki, suka ce zafin da ya fito ya ɗara abin da suka zuba, wai ƙwayoyin diyuteriyom ne ke haɗuwa kamar yadda haidirojin ke yi cikin rana amma ba da zafinta ba, abin da ake kira haɗuwa mai sanyi. Faladiyom kuwa mashayi ne, yana iya shanye haidirojin da ya ninka girmansa kusan sau 900.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwayoyin diyuteriyom cajinsu iri ɗaya ne, ba sa ga maciji da juna. Cikin rana ma sai da zafin digiri miliyan 15 da matsi mai tsanani ake tilasta wa ƙwayoyin haidirojin haɗuwa. Idan diyuteriyom biyu suka haɗu, kusan rabin lokaci niyutiron ke fita, wata 'yar ƙwaya marar caji da yawanta ke kisa. Na yi lissafin a bayan takardar jarrabawa: wat ɗaya na zafi zai zo da niyutiron wajen tiriliyan ɗaya duk daƙiƙa. Da haka ta faru, da mutanen ɗakin gwajin ba su rayu sun ga 'yan jarida ba.

Nan hasashe ya ɓarke. Wasu suka ce elektiron ɗin cikin ƙarfen ne ke shiga tsakani su rage tunkuɗar. Peter Hagelstein na jami'ar MIT ta Amurka ya ce ƙarfin yana bi ta girgizar ƙwayoyin ƙarfen ya zama zafi a ɓoye. Har Julian Schwinger, mai kyautar Nobel ta fiziks ta 1965, ya bi wannan hanya, abin da ya sa ba na iya yi musu dariya kai tsaye. Wasu masu bincike, Widom da Larsen, kuma a 2006 suka ce ba haɗuwa ba ce sam, niyutiron ne masu sanyin tafiya ke samuwa a fatar ƙarfen. Abin da ke damuna da su duka: kowanne an ɗinka shi ne don ya bayyana dalilin da ya sa ba a ga toka ba, wato niyutiron ɗin, alhali ba a tabbatar wutar ta kama ba. Binciken da Google ya biya kuɗinsa, wanda aka buga a mujallar Nature a 2019, bai ga komai ba.

Haɗuwa mai sanyi ta gaskiya akwai ta, wadda masanin fiziks Luis Alvarez ya gani a 1956, ta hanyar miyuwon, ɗan'uwan elektiron da ya fi shi nauyi sau 207. Sai dai miyuwon ba ya kai ko ƙiftawar ido a raye, kuma samar da shi ya fi abin da yake bayarwa tsada.

Maman yara ta leƙo ta ce tuwo na hucewa. Gobe zan rubuta ɗaya da sifili 12 a allo, in bar yaron ya ƙirga da kansa.