Godiya, da kuma wanke ma'aikatan jinya

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, an sallamo ɗanmu daga asibiti. Yana gida, yana ci yana sha, har ya fara takawa zuwa masallacin unguwa. A madadina da mahaifiyarsa da ƙannensa, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki: maƙwabcinmu da ya fito da mota cikin dare ko takalmi bai tsaya nema ba, gwaggonninsa da suka riƙa kwana a barandar asibiti, waɗanda suka turo gudummawa, da Malam Liman da jama'arsa da suka sa shi a addu'a. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Akwai wata magana da dole in gyara. Da yaron ya farfaɗo, ya shaida wa masu dubiya cewa an ɗaure shi, ana dukansa a ƙirji, ana cusa masa wani abu a maƙogwaro don a kashe shi, wai har ya ji nas-nas suna ƙulla yadda za su yi da gawarsa. Maganar ta zaga dangi ta WhatsApp, wasu har suna cewa a kai ƙara. Don Allah a daina yaɗa ta. Yaron ba ƙarya yake yi ba, haka ya gani a lokacin. Amma ina wurin, na kuma ga abin da aka yi masa.

Yana kan na'urar taimaka wa numfashi, an ba shi allurar barci mai ƙarfi. Ɗaurin da yake faɗa, ƙyalle ne mai laushi a wuyan hannu don kada ya fizge bututun da yake numfashi da shi. Dukan, bubbuga ƙirji ne don majina ta saki. Abin maƙogwaro kuwa tiyo ne na zuƙe majinar. Likita ya ce da yawa daga masu kwanciya a sashen kulawa ta musamman suna shiga irin wannan ruɗewa, domin magani da zafin ciwo da rashin bambance dare da rana kan sa ƙwaƙwalwa ta tsinci guntayen abin da ke faruwa ta ƙulla labarinta da su. Waɗannan da ake zagi su ne suka riƙa juya shi dare da rana don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Akwai wata dattijuwar nas da ba ta taɓa sa masa hannu ba tare da ta kira sunansa ta faɗa masa abin da za ta yi ba, alhali ba ya amsawa. Hajiya, Allah Ya ba ki Aljanna.

Masu cewa sammu ne ko iska, ku yi haƙuri, ciwon yana da suna, likitoci na kiransa CAH, kuma da shi aka haife shi. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirinal, shi ke sarrafa kotisol, sinadarin da ke riƙe jiki lokacin ciwo. Umarnin sarrafa shi yana fitowa ne daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta wani sinadari mai suna ACTH, wanda ke tayar da wasu ƙwayoyin gado domin a shigo da kolestarol, kitsen da ake yin kotisol da shi, a fara aiki. Ɗaya daga ƙwayoyin da ke ƙarasa aikin, mai suna CYP21A2, ita ce ta zo masa da tangarɗa, don haka jikinsa ba ya yin isasshen kotisol, ba ya kuma riƙe gishiri. Gadonsa irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, sannan kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Ni da mahaifiyarsa auren zumunci ne, kuma an ce hakan yana ƙara yiwuwar haɗuwar.

Tun yana jariri yake shan haidirokotison, maganin da ke maye gurbin kotisol. Da zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, amai ya hana maganin zama, jininsa ya faɗi, ya suma. Likitar da ta karɓe shi, daga jin sunan ciwon ta yi masa allurar maganin ta sa ƙarin ruwa, ba ta jira sakamakon gwaji ba. Likitan sa barci kuma ya kauce wa wata allura mai suna etomidate, saboda tana danne sarrafa kotisol. Wannan lura tasu ba ni da abin biyan ta.

Har yanzu yakan firgita cikin barci, kuma an shawarce mu mu riƙa ba shi labarin kwanciyarsa daki-daki don ya cike gurbin abin da ya ɓace masa. Masu zuwa dubiya, a zo bayan la'asar, kuma a bar tambayarsa abin da ya gani. Allah Ya ba sauran marasa lafiya lafiya, amin.