TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 6: Yadda na tsallaka Kusiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a inda manya suka dawo daga Legas da takardar sulhu a watan Agusta 1979, ƙungiyoyi 11 suka sa hannu, daga baya aka kafa gwamnatin haɗakar Chadi da ake ce ma GUNT, Goukouni Oueddei shugaba, Kamougué mataimaki, Hissène Habré ministan tsaro. Toh mu da muke ƙasa riƙe da bindiga mun san zaman ba mai ɗorewa ba ne, don da safe ministoci suna teburi ɗaya, da dare kuma yaran kowa na tsare da nasa yankin gari, kowane shinge da mai shi, in ka ɓata hanya ka faɗa shingen wasu sai dai Allah ya kiyaye.

Ƙarshen watan Maris 1980 abin ya fashe. Wannan shi ne yaƙin Injamena na biyu, wanda ya kai wata tara. Har yanzu ba zan faɗi ɓangaren da nake ciki ba, kamar yadda na ce tun farko, wasu da muka yi tare suna raye kuma suna da iyali. Abin da zan ce kawai shi ne shekarata 18, an ajiye mu a bakin wata kwana muna gadi, ga zafin bazara, famfo ya ɗauke, kasuwa ta watse, ga wari da ba na son in bayyana shi. Shugaban Togo Eyadéma ya zo sulhu, aka tsagaita kaɗan aka koma. Sojan Faransa suka tattara suka tafi a watan Mayu. Daga nan kowa ya gane babu mai rabawa.

Ɗalibaina sukan tambaye ni wai Malam wane tunani ne ya sa ka ajiye bindiga, suna jiran in ba su wata falsafa. Ba tunani ba ne, Inna ce. Ita da ƙannena mata sun riga sun tsallaka Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Injamena, tun makon farko. Sai ta aiko wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta dawo gari ɗaukar kayanta, ta bi shinge shinge tana tambaya har ta same ni, ta ja ni gefe ta ce "ɗan nan, uwarka ta ce in gaya maka in ba ka tsallako ba, ba ta yafe maka nonon da ka sha ba." Shikenan abin da ta faɗa, ta juya ta tafi. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Wallahi na ji tsoron harbi a rayuwata amma ban taɓa jin cikina ya ɗuri ruwa irin na ranar ba.

Fita ba sauƙi, wanda aka kama yana gudu hukuncinsa sananne ne. Na bar bindigar a wani kangon gida, na samu tsohuwar riga da hula na saka, kafin asuba na shiga ayarin mata da tsofaffi masu gangarawa bakin kogi, na karɓi ƙullin kayan wani dattijo na ɗora a ka kamar jikansa. Lokacin ba a yi gadar Ngeli ba, kwale-kwale ne, 'yan ƙabilar Kotoko ke tuƙawa, ruwa ya ja baya sosai har wasu wuraren mutane na ratsawa da ƙafa da yara a wuya. A ɗaya gaɓar jandarmomin Kamaru na binciken makami, samari su aka fi tsarewa. Dattijon nan da bai san ni daga ko'ina ba ya ce "yarona ne." Allah ya jiƙansa in ya rasu.

Kusiri ƙaramin gari ne a lokacin, sai ga dubban mutane sun afko masa, makarantu, masallatai, gindin bishiyoyi, ko'ina tabarma ce da tukunya. Kuma yaƙin ba wai ka bar shi a baya ba ne, yana gabanka, kogi kawai ya raba. Da yamma mutane kan jeru a bakin ruwa suna kallon hayaƙi suna gardama, wannan ya ce Kilemat ce, wancan ya ce a'a Ambasatna ce, kowa na addu'ar kada ta zama unguwarsu. Wani lokaci harsashi kan ɓato ya faɗo ta wannan gefen ma.

Gidan Kawu muka sauka, yayan Inna, tela ne kusa da kasuwa, gidan ya cika har soro. Inna da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ta dai kama kunnena ta riƙe ta daɗe. Kawu kuwa bai tambaye ni komai ba, ya ba ni dutsen guga da gawayi ya ce in riƙa goge ɗinki.

Anan ne wahalar gaske ta fara, kuma ina so masu karatu su tsaya su fahimci wannan. Yaron da ya yi sama da shekara yana ɗaga hannu mota ta tsaya, dattijo sa'an ubansa ya sauko yana ce masa "shef", wato shugaba, yau shi ne a layin hatsi da kwano, wani ya ture shi kuma ba abin da zai iya. Jinina tafasa yake yi. Hannuna na kai wa kafaɗa da kansa yana neman abin da babu. Dare ba barci, in an buga ƙofa da ƙarfi sai in tsinci kaina a ƙasa. Rannan na ɗaga ma wani mai kawo ɗinki murya, Kawu ya bari sai da mutumin ya tafi sannan ya ce "kai yaro, a gidan nan ba kwamanda, in za ka zauna ka zauna da mutunci, in can ɗin kake kewa ga kogi nan." Ban ce uffan ba. Shi ya sa yau in muna zama da yaran da suka fito daga daji suka miƙa wuya a yankin Mora da Meri, tun bayan da Kamaru ta kafa kwamitin karɓar makamai a 2018, nake ta nanata ma jami'ai da masu unguwanni cewa karɓar bindiga shi ne mafi sauƙin aikin, yaron yana buƙatar babba da zai zauna kusa da shi wata da watanni, ya ba shi aikin hannu, ya kuma iya tsawata masa ba tare da ya wulaƙanta shi ba. Keken ɗinki da kuɗin sallama kaɗai ba sa yin wannan.

Da yake na yi lise, wato makarantar sakandare, kafin yaƙi ina jin Faransanci, ga Larabcin Chadi ga Hausa, sai masu rabon agaji suka ɗauke ni rubuta sunaye. Tebur ne da babban littafi, tambaya uku: suna, unguwa, mutum nawa. Kowa ya biyo ta gabana, Shuwa, Kanembu, Gorane, Hajarai, Sara, Masa, Hausawa 'yan uwana. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta karya ni, don ba wanda ke amsa ta da lamba kawai. Sai mace ta ce maka da mu tara ne, yanzu mu shida, sai ta fara lissafo maka waɗanda babu da inda aka bar su, kai kuma littafin ba shi da gurbin wannan, shida kawai ake so ka rubuta ka ce na gaba. Wata rana wata baiwar Allah ta faɗi unguwarsu da layinsu, layin da shingenmu yake, ta ce mijinta ya fita neman ruwa bai dawo ba. Na san famfon da take nufi. Na rubuta lambarta hannuna na rawa, ban ɗago kai ba har ta wuce. Daga ranar na sayi ɗan ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, a kasuwa, duk wanda ya ambaci nasa da ya rasa sai in rubuta sunan a ciki bayan an tashi, ba wanda ya sa ni, ban ma san me zan yi da shi ba. Shekaru da yawa bayan haka da muka shiga aikin tattara shaidar iyalan waɗanda suka ɓace zamanin DDS, 'yan sandan sirri na mulkin Habré, hannuna ya riga ya san aikin.

A wajen rabon ne na haɗu da Metir, wato Malam da Faransanci. Mutumin kudu ne, Kirista, malamin tarihi da yaƙi ya koro kamar kowa. Ya tara 'yan lise da karatunsu ya tsaya yana koya musu a gindin dogon yaro, allonsa murfin wata tsohuwar ƙofa da aka shafa ma baƙin fenti. Ya ga rubutuna ya ce a wane aji na tsaya, na faɗa masa, ya ce ina na shiga tun daga lokacin, na yi shiru. Ya kalle ni ya daɗe, na tabbata ya gane, kuma ku tuna a 1979 an zubar da jini tsakanin 'yan arewa da 'yan kudu a Injamena da Mundu da wasu garuruwa, yana da dalilin da zai juya min baya. Sai ya ce "ɗana, gobe ƙarfe bakwai, ka zo da biro."

Darasin da ba na mantawa shi ne na garin da muke zaune. Ya ce mana a nan Kusiri, ranar 22 ga Afrilu 1900, aka gwabza tsakanin Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, da Faransawa, Rabe ya mutu, kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu, aka sa ma garinmu Injamena sunansa, wato Fort-Lamy, har zuwa 1973 da Tombalbaye ya canza. Muna zaune shekara 80 bayan haka muna jiyo igwa daga tsallake. Ya ce duk littattafan sun riƙe sunan manyan biyu, wa zai faɗa masa sunan mutum biyar daga cikin talakawan da aka tilasta ma ɗaukar kaya da bindiga a kowane ɓangare? Ba wanda ya amsa. Bayan an tashi na nuna masa kayena. Ya karanta shafi biyu ya rufe, ya ce in riƙa sa kwanan wata da sunan wanda ya faɗa min, in ba haka ba gobe wani zai ce ƙirƙira na yi. Wannan ne darasina na farko a bincike, kuma har yau shi nake fara koya ma 'yan shekarar farko a jami'a.

Tsakiyar Disamba 1980 tankokin Libiya suka mara ma Goukouni baya, Habré ya fice daga gari, harbi ya lafa, mutane suka fara komawa duba gidajensu. Wasu tsofaffin abokai suka tsallako nemana, wai ana shirya sabon lale, in zo da wuri in samu muƙami. Kawu da kansa ya fita soro ya sallame su. Shirinsa shi ne ya tura ni Kano wajen wani amininsa ɗan kasuwa in yi nisa da kogin gaba ɗaya, har an sa rana, sai ga labarin rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano a cikin watan nan dai, kuma da yake an ce mutumin asalinsa daga Marwa ne sai aka sa ido sosai kan baƙi 'yan Kamaru da Chadi. Saurayi ɗan Injamena mara takarda, a shekaruna, ba lokacin shiga Kano ba ne. Metir ne ya kawo shawarar in gangara Marwa in nemi shiga lise in zauna jarrabawar Kamaru, su da suke da probatuwar, jarrabawar da ake yi kafin bak, wato ta gama sakandare. Matsalar ita ce takardar haihuwata da duk sakamakon makaranta sun ƙone a gidanmu, kuma Inna ta ce ba ta yarda in sake taka Injamena ba ko na yini ɗaya. Yadda aka yi da takardun, da abin da Inna ta sayar don kuɗin mota, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.