Saarbrücken, Wurin Masu Launi 256

Daga Frankfurt na hau jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu da 'yan kai, na sauka Saarbrücken dab da iyakar Jamus da Faransa. Revision ne ya kai ni, taron masu haɗa zane da kiɗa ta kwamfuta da ake yi duk lokacin Ista a zauren E Werk. Ciki duhu ne, ba ka ganin komai sai hasken allo jere a kan tebura.

Na wuce sababbin injuna, na tsaya gun wani dattijo mai kwamfuta 486 da allo mai ƙusumbi. Katin hoton kwamfutar, mai tura hoto zuwa allo, na bin tsarin VGA wanda IBM ta fitar a 1987. A yanayin nuna hoto da ake kira 13h, allon ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, kowane ɗigo bayit ɗaya, jimilla 64,000. Bayit ɗaya kuwa bit 8 ne, lambobi 256 kawai yake iya ɗauka, daga 0 zuwa 255, to iyakar launin da za ka gani a lokaci guda ke nan.

Sai dai ɗigon ba launi yake riƙewa ba, lambar gurbi ce a jadawalin launi. Ya nuna mini yadda ake cika jadawalin: ka tura lambar gurbi ƙofar 3C8h, wato adireshin da kwamfuta ke magana da katin ta cikinsa, sannan ja, kore, shuɗi ƙofar 3C9h, bi da bi. Nan sababbin shiga ke faɗuwa. Kowane ɗaya cikin ukun nan bit 6 ne, daga 0 zuwa 63, ba 255 ba. Da gangan ya tura 200, katin ya yar da bit biyu na sama ya riƙe 8, fuskar da ke allon ta koma baƙi ƙirin. Maganin kawai a raba lambar da 4 tukuna.

Sai ya kunna hoton ruwa mai gudana. Na ce, “Malam, yaya aka yi ruwan nan ke gudu haka a wannan tsohon inji?” Ya yi dariya, ya ce ko ɗigo ɗaya bai motsa ba, launukan jadawalin yake juyawa. Amma sai ya jira bit na 3 a ƙofar 3DAh ya nuna hasken da ke zana hoton layi-layi ya gama yana komawa saman allo, in ba haka ba hoton ya canja launi a tsakiyarsa.

Teburin gaba katin megabayit ɗaya ne. Lissafi ne zalla: ɗigo 640 sau 480 sau bayit 3 na kowane ɗigo ya ba da 921,600, ya shiga. Ka hau 800 da 600, dole ka sauko bayit 2. Nan ma akwai tarko, don wani kati bit biyar-biyar yake raba wa ja, kore da shuɗi, wani ya ba kore shida. Ka rikita su, fatar mutum ta fito da launin da ba a san shi ba.

Da na leƙo waje neman iska, gari ya riga ya waye.