La'adar rashin jin yaren gari

Gidanmu na Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Gana, da kuɗin mutanen da ba sa jin Tonanci, yaren Tonawa (Asante) masu garin, aka gina shi. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Kakana fatoma ne, Baba kuma ya gaje shi. Masu sayen goro daga Kano da Sakkwato da Damagaram su sauka a wurinmu, a ba su ɗaki da tuwo, a haɗa su da masu goro, a tsaya tsakani har ciniki ya faɗa, sannan a karɓi la'ada. Don haka in aka tayar da gardamar ko wajibi ne baƙo ya koyi yaren ƙasar da ya sauka, ni na san kuɗin rashin koyon, tunda da shi aka biya mini makaranta.

Ƙanena da ke Hambug, a Jamus, shi ya tayar mini da maganar kwanan nan. Ya yi aure a nan gida, yana son matarsa ta bi shi, sai aka ce ba biza sai ta kawo shaidar ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wadda suke kira A1. Dokar tun 2007 take. Ya cika mini waya da saƙon murya: "Yaya, wannan ai wulaƙanci ne. Matata ce, da sadakina na aure ta, me ya haɗa aure da jarrabawa?" Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ne. Ɗaya rabin ne ya sa ya yi kwanaki bai kira ni ba.

Ina yaro ni ke kai buta da tabarma zaure, saboda haka na ga ciniki iri-iri. Matan Tonawa ne suka fi kawo goron daga ƙauyukan daji, cikin kwanduna, an lulluɓe da ɗanyen ganye. A zube, a ware goriya gefe, marsa gefe, minu gefe, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya. Alhajin da ya zo saye yana zaune da carbinsa, Baba na tsakiya. Matar ta faɗi kuɗinta, ta ɗora da baƙar magana, ta ce wannan baƙon naka rowa za ta kashe shi. Baba ya juya ya ce, "Alhaji, ta ce a ɗan ƙara mata, ruwa ya ɓata hanya." Alhaji ya ce goron nan rabinsa tsutsa ce, matar nan ba ta tsoron Allah. Baba ya juya ya gaya mata baƙonsa ya yaba kayanta, sai dai guzurinsa ya yi ƙasa. Ni abin da nake kallo idon Alhajin ne. Mutumin da a garinsu in ya yi gyaran murya ake miƙewa tsaye, ga shi yana bin leɓen mutane da kallo, in an yi dariya ya yi yaƙe, bai san ko da shi ake ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cin sisin baƙo bayan la'adarsa ba. Amma a layinmu akwai waɗanda mai goro za ta ce goma, su ce wa baƙo sha biyu, su koma su ce mata ya taya tara. Baƙin da ke da wayo kuwa, sannu a hankali sai ka ji sun iya ƙirga da Tonanci, daga nan sun iya "te so kakra" in suna neman ragi, sai wata rana ka ji sun shiga mota sun tafi ƙauye sun sayo da kansu. Baba kan ce, "Wane ya yaye kansa." Ba ya jin haushi, amma ya san la'adar wannan ta tafi ke nan.

To, amma wane yare ake nufi in an ce babban yaren ƙasa? A takarda, na Gana Turanci ne. Da shi ake shari'a a kotu, da shi ake rubuta takardar gwamnati. Ka ɗauki Turancin naka ka shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi sayen tumatur, ka ga yadda za a ɗora maka. Ko a Ankara, babban birnin ƙasar nan, inda ƙabilar Ga ke da gari, yaron mota da Tonanci ya fi karɓar kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ba Turanci ta nema daga baƙo ba. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa ya iya magana da ɗaya daga cikin yarukan asalin Gana, yana kuma fahimtarsa. Waɗanda suka rubuta ta sun san inda rayuwa take.

Mu 'yan zango, wato unguwannin baƙi, lamarinmu ya fi haka sarƙaƙiya. A da fataken goro a Salaga, can arewa da Kumasi, suke tsayawa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar can, Turawa suka shiga Kumasi a 1896 suka tafi da Sarki Prempeh na Ɗaya, jirgin ƙasa ya iso a 1903, sai zangon Kumasi ya cika ya batse. Wanda ya sauka a cikinsa, ko Bamoshe ne daga Burkina, ko Bazabarme daga Nijar, ko ɗan Kotokoli daga Togo, ko Badagombe daga arewa, Hausa yake fara koya. Da ita ake tafsiri, da ita ake sayen koko da ƙosai, da ita ake suna da biki da jana'iza. Gidan rediyon ƙasa ma yana karanta labarai da ita, ko da yake ba ta cikin yaruka 11 da gwamnati ta ɗauka ake koyarwa a makarantu. ('Yata a makaranta Tonancin Asante take yi, har ta fi ni iya rubuta shi. Hausarta kuwa irin tamu ce ta Gana, mace da namiji duk "ya zo", wadda baƙinmu na Kano ba sa gajiya da yi mata dariya.) Abin da nake son nunawa shi ne, mutum na iya tsufa a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, ya aurar da 'ya'ya da jikoki, bai taɓa buƙatar haɗa jimla ɗaya da yaren masu gari ba. Zango ya ɗauke masa nauyin.

Sai dai ba kowa yake ɗauke wa ba, kuma ba kullum ba. Maza dole kasuwa ta koya musu. Ka je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda nake da shagon kayan gyaran mota, ka ji yaron da ya zo daga Maraɗi bara yana musu da direba kan kuɗin burki da Tonanci mai gargada, amma dai yana yi. 'Yan matan arewa masu ɗaukar kaya a kasuwa, kayayo, kafin damina ta zagayo sun iya, don wadda ba ta iya ba ita ake ba rabin kuɗi. Waɗanda ake bari a baya su ne matan aure da aka ɗauko daga nesa aka ajiye a ɗaki.

Maƙwabcina Bazabarme ne, mai sayar da albasa, matarsa daga wajen Doso ya auro ta. A tsakar gida ta koyi Hausa, ta kuma iya sosai, amma Tonanci ko gaisuwa da ƙyar. Shi maigidan in yana ciniki ba ka ce ba Batone ba ne. Ta yi fama da ciwon mara lokacin ya tafi Nijar sayo kaya, sai ta ɗauki ɗanta, ɗan aji huɗu na firamare, suka tafi asibiti don ya yi mata tafinta. Uwargidana tana kan benci a layin awon hawan jini, labule ne kawai tsakaninsu. Ta ji nas tana tambaya yaushe rabonta da al'ada, jinin yana da yawa ne, tana jin zafi in ta kwanta da mijinta. Yaron ya tsaya yana kallon ƙasa. Nas ta maimaita, ya ce da uwar, "Mma, wai ina ke miki ciwo." Uwar ta nuna ciki. Da haka za a rubuta mata maganin gyambon ciki ta tafi. Uwargidana ta tashi, ta ba yaron kuɗi ta ce ya je ya sayo ruwan leda kada ya yi sauri, ta shiga ta zauna a madadinsa. Nas ɗin ba ta da laifi, aikinta take yi, bayan labulen kuma mutum ya fi hamsin na jira. Ni a wurina laifin na maigidan ne, da mu maƙwabta da muka ga shekaru na wucewa ba mu ce komai ba.

Saboda haka in ka tambaye ni, e, baƙo ya koya. Ba don ya faranta wa masu gari ba, kuma ba don ya bar nasa ba. Ya koya don ya ji da kunnensa abin da likita ya ce, abin da mai gidan haya ya ce, abin da malamin ɗansa ya ce, da abin da ake faɗa a kansa a cikin mota.

Inda na rabu da masu wa'azin koyon yare shi ne alkawarin da suke haɗawa da shi, wai in ka iya yarenmu ka zama namu. Mu a zango mun ga ƙarshen wannan alkawari. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Baba ya sha ba mu labarin wani Bayarabe mai kanti a bakin layinmu, a Kumasi aka haife shi, karin maganar Tonawa a bakinsa har dattawansu na jinjina masa. Ya sayar da kantin a wulaƙance, ya hau babbar mota zuwa ƙasar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Ba wanda ya yi masa jarrabawar yare a bakin iyaka. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, ciki har da malaman makaranta da ke koya wa 'ya'yan Najeriya Turanci. A 2019 kuma, a nan Suame Magazine, an rurrufe shagunan 'yan Najeriya kan rigimar cinikin sari da na ɗai-ɗai, alhali da yawansu sun fi ni zaƙin baki da Tonanci. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ranar da siyasa ta juya, takarda ake tambaya. Mu da kakanninmu ke kwance a maƙabartar Tafo ma, wani lokaci a ofis sunanka kawai za a ji a ce ka kawo shaidar inda aka haifi kakanka.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan, na raba masa gida biyu. Abin da Jamus ke yi wa wanda ya riga ya shiga, ban ga aibinsa ba. Suna da ajin baƙi, awa 600 na yare da awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasar, kuma gwamnati na ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin. Mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kai matakin yare na B1, wanda ke sama da A1, a 2024 kuma suka rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar. Wanda ya ce ka koya, ya buɗe maka aji, ya sa malami, ya yi maka adalci. Na ce masa in matarka ta iso, kai da kanka za ka kai ta ajin nan, kada ka ajiye ta a ɗaki a ce 'yan'uwa 'yan Gana sun ishe ta hira, don can ma akwai asibiti, akwai labule.

Amma jarrabawa kafin biza, a nan na bi bayansa. Yare a cikin masu shi ake koyonsa. Alhazan zaurenmu ba a aji suka koyi ƙirga ba, asara ce ta koya musu. A ce mace tana Aboabo, inda ba mai cewa uffan da Jamusanci, ta biya kuɗin darasi, ta biya na jarrabawa, ta hau mota zuwa Ankara, in ta faɗi ta sake biya, mijinta kuma na can yana ƙirga watanni. Matar ƙanena ta gama ƙaramar sakandare, za ta ci da yardar Allah, ga shi har ta fara gaishe ni da yaren don tsokana. Wadda allo kaɗai ta yi fa, ba ta taɓa riƙe biro ba? Ita wannan ba yare aka tambaye ta ba, boko aka tambaye ta, kuma masu dokar sun san haka.

Bayan abin da ya faru a asibitin nan, na sami Malam mai makarantar matan aure ta layinmu, wadda suke yi bayan isha'i. Na ce, "Allah gafarta Malam, da za a ware ko rabin awa ne ranar Laraba a koya wa matan nan Tonanci, sunayen gaɓoɓin jiki, ƙirga, da yadda ake yi wa likita bayani. Uwargidana ta ce za ta koyar, ba ta son ko sisi." Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Alhaji, Tonanci kuma a makarantar addini?" Na ce ai neman lafiya ma addini ne. Ya ce maganar tana da kyau, amma sai kwamiti ya zauna, don wasu mazan ba za su so ba. Na tambaye shi su wa, ya lissafo mini, maƙwabcina mai albasa na ciki. Wannan kafin azumi ne, kwamitin kuma har yau bai zauna ba.